Kafin Ka Ce a Tura Maka

Ɗana, zo ka zauna, magana zan yi da kai a kan abin da ka ɗauka ƙarami ne. Ke ma 'yata matso kusa, har da ke. Wayar nan da ke hannunku tana ɗauke da waƙoƙin da in a kaset ne, da sai an nemi buhu an zuba. Ban ce kun yi laifi ba, zamani ne ya zo da haka. Abu biyu kawai nake so ka tambayi kanka. A cikin waƙoƙin nan, guda nawa ne kwabonka ya isa hannun wanda ya rera? In kuma 'yan ƙwacen waya suka tare ka gobe da magariba, Allah ya tsare, guda nawa za su rage maka?

Ba fatawa na zo bayarwa ba. Malamai sun yi maganganunsu a kan kiɗa da waƙa, ka je ka tambayi malaminka. Ni dai na san kana ji, ko na Shata ne, ko na bege, ko na fim, ko na yaran nan masu saurin baki da ni ba na kama ko kalma ɗaya a cikin abin da suke faɗa. Tunda kana ji, to akwai haƙƙi a ciki, akwai kuma amana.

Ka fara sanin yadda abin yake kafin a haife ka. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, amma bai cika gidajenmu ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kowa ya je ya saɓo rikoda. Kafin nan sai faifan garmaho a gidan mai hali, sauran jama'a kuwa su jira rediyon Kaduna ta sako musu. Kaset ya canza wannan. Akwai mai minti 60, akwai mai 90, in gefe ɗaya ya ƙare ka tashi ka juya. In batir ya yi sanyi muryar mawaƙi ta riƙa ja kamar mai jin barci, sai a cire kaset ɗin a zura biro a raminsa a riƙa wulwulawa don kada a ɓata batir wajen mayar da shi baya. In rikoda ta cinye zaren, sai a zauna a hankali a zaro shi, a yanke inda ya cukurkuɗe, a liƙe da ɗigon jan farce. Daga ranar, duk sanda aka zo wurin sai waƙar ta yi tsalle ta ƙetare rabin baiti, kowa a gidan ya san wurin, har yara kan cike gurbin da bakinsu. A wancan lokacin Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar cinikin kaset. Can injinan kwafi suke, can dillalai suke, daga can kaya ke tafiya Maraɗi da Damagaram da Agadas, har Zangon Kumasi da Garwa.

Kada ka ji na faɗi haka ka zaci zamanin adalci ne. Satar fasaha ba da intanet ta zo ba, a kasuwar kaset ta yi ƙiba. An sha sayen aikin mawaƙi a biya shi sau ɗaya, ɗan kasuwa ya yi ta bugawa shekara da shekaru yana ci, shi kuwa mai muryar yana hawan motar haya. Da faifan CD ya shigo, abin sai ya ƙara sauƙi ga ɓarayi. Amma duk da ruɓewar hanyar, hanya ce. Kuɗi na fita daga aljihun mai ji, wani abu na komawa wajen mai yi, ko da ƙanƙani ne. Kuma in ka biya, kana komawa gida da abu a hannu, da hoton mawaƙi a kwali da sunayen waƙoƙi a jere. Wato kaset yana yi maka aiki biyu a lokaci guda ba tare da ka yi tunani ba: ya kai wa mai waƙa rabonsa, ya kuma bar maka ajiya a ɗaka. Saukewa a waya ta raba ayyukan nan biyu, ta zubar da su duka. Yanzu in ba da niyya ka yi su ba, ba mai yi maka.

Ɗauki na farko, maganar biya. A ƙasar Hausa tun asali mawaƙi yana da ubangida. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo, Musa Ɗanƙwairo ya fito daga gidan kiɗan fadar Maradun kafin Sardauna ya jawo shi. Ladarsu doki ne, da riga, da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Ba abin kunya ba ne, tsari ne, kuma ya haifar da waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i. Sai dai wanda ke ciyar da kai, shi ke da bakinka. Abin da kasuwar kaset da faifai ta kawo shi ne ta ba talaka dama ya zama ubangida shi ma. Direba da mai shayi da matar aure a cikin kulle, kowa ya kawo 'yan kuɗinsa, in an tara sai su kai kyautar basarake. Waƙa irin ta Karen Mota da Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa, ka gaya mini wane mai mulki ne zai ba da doki a kanta? Masu ita su ne mutanen tasha.

To yau nakan ji ku kuna ƙorafi, wai mawaƙan yanzu ba su da aiki sai wasa 'yan siyasa, wai waƙar soyayya ma sai an ƙare ta da jerin sunayen alhazai da hajiyoyi na minti uku. Gaskiya ne, ni ma yana gundurata. Amma ka tsaya ka yi lissafi. Yaro ya shiga situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yar amshi, ya sayi man janareto, ya biya wanda zai tace sauti, in da bidiyo ya biya mai kyamara. Ya saki waƙa da safe, kafin la'asar ta zaga Kano da Kaduna da Zariya, kowa na yabo, ba wanda ya ba shi sisi. Ina zai mayar da kuɗinsa? Sai gidan biki, sai ofishin ɗan takara, sai ƙofar mai kuɗi. Sunayen nan da kake tsallakewa su ne suka biya kuɗin waƙar da kake ji kyauta. Kai ka janye hannunka daga aljihu, ka kuma dawo kana tambayar me ya sa ba a yi maka waƙa.

Ka san inda abin ya fara lalacewa? Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru aka samu masu cin memori. Sai ga sabuwar sana'a a bakin kasuwa da tasha: saurayi a ƙarƙashin lema, da kwamfutar tafi-da-gidanka a kan tebur, da lasifika tana ta amo, da igiyoyin caji sun sarƙe. Ka miƙa memori, ya ce, "Yallaɓai, sababbi za a zuba ko tsofaffi?" Ka ce a haɗa. Kafin ka gama shan ruwan leda ya cika maka shi, aikin mutum ashirin na shekara goma, a kan kuɗin da ba su kai na kwanon shinkafa ba. Ban tsani yaron nan ba, neman abinci yake, ya fi zaman kashe wando. Amma ko kwabo daga cinikinsa ba ya isa ga masu muryoyin. Daga baya shi ma kuka kashe masa kasuwa, da Bluetooth da Xender da WhatsApp, aboki ya tura wa aboki. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a 2023, ta kuma taɓo abin da ake ɗorawa a intanet. Doka dai ba za ta iya tsayawa tsakanin waya da waya a majalisar shayi ba. Wannan wurin sai tsoron Allah da kunya.

Zan yi wa turawar nan adalci, don tana da rana. Akwai wani Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita, Mdou Moctar. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya buga su. Daga memori zuwa memori suka ƙetare hamada har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin mutane. Ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar a faifai a 2011, ya kuma bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don ya biya su. Yau Mdou Moctar yana zaga duniya yana wasa. In ba don turawa ba, da muryarsa ba ta fita ba, wannan ba musu. Amma ka lura, suna ne tura-tura ta ba shi. Abinci bai zo ba sai da aka samu wanda ya ce wannan aikin yana da mai shi. Kamfanin mutumin nan, Sahel Sounds, ya sake tattara waƙoƙin finafinan Kano a 2013 ya buga a baƙin faifai irin na garmaho, ya sa masa suna Harafin So. Waƙoƙin da muke zubawa a memori kamar tsakuwa, wasu a ƙetare suna sa kuɗi suna saye, suna jerawa a kanta. A Amurka ma, inda intanet ba ya yankewa, an sayar da baƙin faifai kimanin miliyan 41 a 2022, ya zarce CD a karon farko tun 1987. Ba rashin waya ne ya sa su saye ba.

Za ka ce mini, "Baba, ai ni na waye, ba na zuwa wurin mai lema, a manhaja nake ji." Madalla, ka yi gaba. Boomplay ya fara a Najeriya a 2015, Spotify ya iso a 2021 yana karɓar naira 900 a wata a lokacin, ga Audiomack, ga YouTube wanda a nan mawaƙanmu suka fi samun abin sawa a baka. Wannan ya fi sata nesa ba kusa ba. Amma ka san yadda rabon yake. A Spotify ba a ƙirga ka ji waƙa sai ta yi daƙiƙa 30. Ana tara kuɗin da aka samu a ƙasa ne a raba bisa yawan ji, don haka kuɗinka na wata mafi yawansu wajen manyan taurarin Legas suke tafiya, ko da kai Aminu Ala kaɗai kake saurare. Tun 2024 kuma, waƙar da ba a ji ta sau 1,000 a shekara ba, ba ta samun komai. A YouTube sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ta fara cin kuɗin talla. Saboda haka in za ka kalla, ka nemi tashar mawaƙin ta ainihi. Akwai masu kwashe aikin mutane su ɗora a tasharsu da hoton bogi, duk kallon da ka yi a can ɓarawo ka yi wa liƙi.

Ga kuma abin da ba a cika gaya muku ba. Abin da ke cikin manhajar nan ba naka ba ne. Gidan haya kake ciki: yana da kyau, yana da faɗi, amma ranar da ka kasa biya, ko mai gida ya sayar, da kayan jikinka kaɗai za ka fita. Waƙar da ka sauke a cikin Spotify a kulle take, ba ka iya fitar da ita, in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba sai ta ƙi buɗewa, in ka daina biya ta tafi. In mawaƙi ya saɓa da kamfaninsa aka janye waƙa, sai dai ka wayi gari ka ga sunanta ya dushe. Kada ka ce manyan kamfanoni ba sa ɓatar da kaya. MySpace, wanda a zamaninsa shi ne dandalin mawaƙan duniya, ya fito a 2019 ya ce waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Haƙuri kawai aka ba mutane. Google da girmansa ya rufe Google Play Music a 2020. In haka ta faru da waƙoƙin Turawa, wa kake jin zai tashi hankalinsa don kiɗan kotso ya ɓace daga wani rumbu a Kalifoniya?

Nan ne amanar take, kuma nan na fi so ka buɗe kunne. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Abin da ya sa kake jin muryarsu yau shi ne wani ya ajiye. Ma'aikacin rediyo ya adana zare, wani direba ya ƙi jefar da kaset, wani tsoho ya kulle nasa a adaka shekara talatin. Da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tashi rubuta waƙoƙin baka a diwani, da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka tashi rubuta tarihin Shata, irin waɗannan ajiyoyi da bakin dattawa suka bi. Haka karatun malamai. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da darussan Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, sun iso gare ka ne don akwai masu zuwa da rikoda su zauna a gaba. Bambancin kawai, malami galibi so yake a yaɗa, sadaka ce mai gudana, shi kuwa mawaƙi sana'arsa ce. Wanda ya ce a raba kyauta, raba. Wanda ya sa wa kayansa farashi, biya.

Yanzu buɗe wayarka ka duba yadda kuke ajiya. Waƙa ba suna, sai wasu haruffa da lambobi da WhatsApp ya liƙa mata. Wata an rubuta Shata alhali ta wani ce, don a wurin yaran yanzu duk tsohuwar murya da kalangu Shata ne. Wata kuma wani mai shafi ya yi ihun sunansa a tsakiyarta sau uku, ya yanke farkonta inda makaɗi ke gabatar da wanda zai wasa. An ciro ta daga bidiyo, an matse, an sake matsewa. Dabarar MP3 ita ce zubar da wani sashe na sautin don fayil ya ƙanƙance, ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da ke kan CD, kuma duk sanda aka sake juya shi sai an ƙara zubarwa. A lasifikar waya ba za ka gane ba. Sa ta a babbar rediyo ka ji yadda ƙasan kalangu ya tafi, 'yan amshi suka koma kamar suna cikin kwalba. In wannan gurguwar ce kaɗai ta rage bayan shekara hamsin, jikokinka za su zaci haka Narambaɗa yake.

Akwai wata hasarar ma da ba ta kuɗi ba. Mai kaset dole ya ji waƙa daga kai har wutsiya, don tsallakewa wahala ce. Da haka yake gane inda mawaƙi ya dosa, yadda ya ɗauko zambo a nesa ya kawo shi gida. Kai kuwa yatsanka na kan gilashi, daƙiƙa goma ka wuce. Su ma masu yi sun gane ku, sun koma ƙera guntun da zai shiga TikTok. Wannan zancen wata rana ne.

Ban ce ka je ka nemo rikoda ba, kada ka mayar da ni tsohon da ke faɗa da zamani. Kaset na narkewa a zafin mota, CD ɗin da aka ƙona a kasuwa ƙura da rana na cinye shi cikin 'yan shekaru, kwamfutocin yanzu ma da yawa ba su da wurin sa shi. Ko a Amurka, gobarar da ta tashi a rumbun Universal a 2008 ta lashe ɗimbin zarurrukan asali na manyan mawaƙa. Duk abin da yake wuri ɗaya tak yana bakin halaka, faifai ne ko memori. Memori ma ya fi muni, don shi ba ya ciwo kafin ya mutu, rana ɗaya zai ce a goge shi.

Abin da nake so ka yi ba shi da wuya. Ba duk waƙa ce ta cancanci ajiya ba, wadda ta zo da iska bar ta ta tafi da iska, ji ta a manhaja ka wuce. Amma mawaƙi biyu ko uku da ka san sun taɓa zuciyarka, waɗanda ka ji a ranar aurenka ko suka ɗebe maka kewa a baƙon gari, su ka yi musu abin da ya dace. In sun fitar da faifai ko filashi na hannunsu, saya, ko da ba ka da abin kunnawa a yau. In suna sayarwa ta intanet yadda fayil zai zama naka, saya a can. In an yi taron ƙaddamarwa kana gari, je ka sayi tikiti. In duk babu, mafi yawansu suna da shafin da aka tabbatar nasu ne, tura abin da ya sawwaƙa, ko kuɗin datar kwana biyu ne. In aboki ya ce ka tura masa sabuwar waƙar da ake sayarwa, tura masa adireshin inda zai same ta. Zai ce ka cika iyayi. Bar shi ya ce.

Abin da ka saya kuma ka ajiye shi wuri biyu, ɗaya a waya, ɗaya a filashi ko kwamfutar da ba ta fita yawo, ka riƙa sabunta kwafin duk bayan 'yan shekaru. Ka gyara sunan kowane fayil da hannunka: wane ne ya rera, me ake kiran waƙar, wa aka yi wa.

Sai kuma aikin da na fi so ka fara da shi a wannan makon. A gidanku, ko gidan kakanninka, akwai wata jaka ko kwali a ƙarƙashin gado ko saman sif, cike da tsofaffin kaset da aka kusa ba yara su yi wasa da zaren. Kada ka bari. Cikinsu akwai na kasuwa da kowa ke da su, amma akwai waɗanda aka ɗauka a gidan biki, ko wajen kalankuwa, ko ranar naɗin wani hakimi, waɗanda wataƙila duk duniya ba su da na biyu. Kada ka cusa su a rikodar da ta shekara ashirin ba ta juya ba, za ta cinye. Fara wulwula kowanne da biro daga farko har ƙarshe don zaren ya saki, sannan ka kai wa masu situdiyo ko masu gyaran rediyo da ke iya juye kaset zuwa kwamfuta, ka ce su ajiye maka sautin cikakke kafin a matse shi. In an gama kada ka jefar da na asalin. Sannan ka ɗauki wayar ka je wurin Hajiya ko Baffa tun suna da rai da tunani, ka kunna musu, ka riƙe biro da takarda. Su ne za su ce maka wannan muryar wance ce mai kiɗan ƙwarya, a bikin gwaggonka aka ɗauka, shekarar da aka yi fari.